Shagon tayoyin da ya fara karanta ƙofar mota kafin ya taɓa bawul

Motar da nake hawa Nissan 350Z ce ƙirar 2007, mai kujera biyu, wadda aka shigo da ita daga Amurka ta hanyar Kwatano bayan ta ci rabin ƙuruciyarta a can. An ƙera ta ne domin gudu da shan kwana, amma aikin da take yi mini a Sakkwato bai wuce na kowace mota ba, wato daga gida a Mabera zuwa wurin aiki, daga can zuwa kasuwa ko gaisuwar 'yan uwa, sai kuma tafiya Birnin Kebbi ko Gusau idan ta kama. Abin da zan yi bayani a kai shi ne wani shagon tayoyi da ke ɓangaren Titin Gusau, wanda na kai wannan mota sau da dama cikin watanni tara, kuma ma'aunin da zan auna shi da shi guda ɗaya ne: shin sun san yawan iskar da ya kamata a ba tayar irin wannan mota domin zirga-zirgar yau da kullum, kuma suna da kayan aikin da za su ba ta daidai abin da suka faɗa?

Abin da ya kai ni wurin ya faru ne a watan Afrilu, lokacin da rana take dukan kwalta har mutum ya riƙa hango kamar ruwa a gabansa. Ina kan hanyar dawowa daga Birnin Kebbi ta Jega da Tambuwal, sai na ga kamar tayar baya ta dama ta ɗan kwanta, na tsaya wurin wani mai faci a bakin hanya. Ya durƙusa ya goge gefen tayar da tafin hannunsa, ya ga an rubuta 51, ya ce irin waɗannan motoci hamsin suke sha, ya bi tayoyin nan huɗu ya ɗura musu iska har sai da injinsa ya fara tari. Ban yi masa gardama ba, domin a lokacin ni ma ban fi shi sanin abin ba. Daga nan zuwa Bodinga motar ta koma kamar amalanke. Duk wata tsaga da ke jikin kwalta sai na ji ta a ƙashin bayana, sitiyari ya yi sakayau a hannuna, kuma a wata kwana da iska ta watso yashi a kanta na ji bayan motar yana neman ya riga gabanta. Mota ce da ƙarfin injinta yake zuwa ta tayoyin baya, saboda haka wanda ya taɓa jin wannan zamewar ya san ba abin wasa ba ce.

Washegari da rana na shiga shagon bisa shawarar wani abokin aiki. Rumfar kwano ce mai faɗin da zai ɗauki mota uku, da babban injin iska a kusurwa, da injin cire taya daga wili ba tare da an sa ƙarfe an ƙwaƙule ta ba, da na'urar balansin, sai benci guda da buta a ƙarƙashinsa. Yara masu koyon aiki huɗu ne ko biyar. Maigidan dattijo ne mai furfura a gemu, tabarau na rataye a wuyansa da zare, kuma tun kafin in gama bayani wani yaro ya riga ya jawo tiyo zai nufi taya, sai ya ɗaga masa hannu ya tsaya. Ya dube ni ya ce, “Ranka shi daɗe, buɗe man ƙohwar direba in gani tukun.” Na buɗe, ya sa tabaransa, ya sunkuya ya shafa wata 'yar takarda da ke manne a ginshiƙin ƙofar, wadda na shekara biyu ina wucewa ta gefenta ban taɓa karantawa ba. Ya nuna mini da farce, ya ce, “Wagga mota talatin da biyar taka sha, gaba da baya. Ga shi nan waɗanda sunka yi ta sun rubuta.”

A jikin takardar an rubuta girman tayoyin gaba 225/45 R18, na baya 245/45 R18, iska kuma PSI 35 (PSI shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), wanda a wasu ma'aunai ya yi daidai da kPa 240 ko bar 2.4, tare da sharaɗin cewa a auna lokacin da taya take da sanyi. Ita kuwa lambar 51 da mai facin hanya ya gani, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce bisa faɗar kamfanin da ya yi tayar, wanda bai san a jikin wace mota za a ɗaura ta ba. Taya iri ɗaya tana iya shiga ƙarƙashin mota mai nauyi ko marar nauyi, don haka wanda ya san nauyin motar da yadda ya rabu tsakanin gaba da baya, wato kamfanin motar, shi ne mai faɗin adadin da ya dace. Wannan ne ya sa babu lamba ɗaya da za a ce ita ce ta motocin gudu gaba ɗaya. Mazda MX-5, wadda ba ta da nauyi, 29 take so, Ford Mustang na shekarun baya-bayan nan galibi 32, Toyota 86 kuma 35 kamar tawa. Motoci irin su Mercedes da BMW sukan ba da lamba biyu, ɗaya idan mutum ɗaya ko biyu ne a ciki, ɗaya kuma idan an cika mota da mutane da kaya, kuma a Mercedes sau da yawa a murfin tankin mai ake samun takardar.

Abin da ya fi burge ni a wannan zuwan na farko shi ne dattijon ya ƙi karɓar kuɗina a ranar. Ya auna tayoyin domin in gani da idona, suka nuna 49, 52, 53 da 48, amma ya ce ba zai daidaita su a lokacin ba, saboda na yi tafiya a kansu cikin zafin ƙarfe biyu na rana. Ya ɗan rage musu kaɗan yadda zan isa gida lafiya, ya ce in dawo bayan sallar Asuba kai tsaye daga gida, kada in biya ko'ina. Dalilinsa daidai yake da abin da littafin motar ya faɗa: ana kiran taya mai sanyi ne idan mota ta yi aƙalla awa uku a ajiye, ko kuma ba ta yi tafiyar da ta kai mil ɗaya ba, wato kilomita 1.6. Iska tana kumbura idan ta ji zafi, kuma tayar da ta yi rabin awa tana gudu a kan kwalta takan ƙaru da PSI 4 zuwa 6 a kan abin da take da shi da safe. Wanda ya sace mata iska a wannan hali har ta dawo 35, idan gari ya waye zai tarar da ita wajen 30, ya shiga hanya da taya mai ƙarancin iska yana ganin ya gyara. Gidana ya ɗan fi kilomita biyu daga shagon, don haka da na iso da sassafe sai ya sa na zauna na sha shayi a wurin mai shayin da ke kusa, sannan ya fara aiki.

A nan ne ya kamata in tsaya a kan wata magana da ake yawan yi a garin nan, wadda ni ma na ɗauko ta na kai masa, cewa a lokacin bazara ya kamata a rage wa taya iska don kada zafi ya fasa ta. Ya yi murmushi ya ce wannan maganar ta kashe tayoyi fiye da ƙusa. Abin da yake faruwa shi ne, tayar da iskarta ta yi ƙasa gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, wannan murɗawar kuma ita ce take haifar da zafi daga cikin robar, har zaren da wayoyin da ke ciki su fara rabuwa da ita. Idan aka haɗa wannan da kwaltar Sakkwato a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin gari yake haura digiri 40, da kuma gudun babbar hanya, to an tara duk abin da fashewar taya take bukata. Kamfanin mota ya riga ya lissafa ƙaruwar da zafi zai kawo kafin ya rubuta 35, kuma tayar da ta tashi daga 35 zuwa 40 da rana ba ta kusanci iyakarta ba. Duniya ta ga misalin wannan a fili wajen shekarar 2000, sa'ad da tayoyin Firestone da ke jikin Ford Explorer suka riƙa ɓarewa a wurare masu zafi kamar Saudiyya da Benezuwela da kudancin Amurka, inda ƙarancin iska da zafi suka kasance cikin abubuwan da aka yi ta muhawara a kansu. Bayan wannan ne Amurka ta yi dokar da ta wajabta sanya na'urar gargaɗin iskar taya a sababbin motoci, wadda ta kankama gaba ɗaya a 2007.

Motata tana da wannan na'ura, kuma na tambaye shi me ya sa ba ta yi mini gargaɗi ba ranar da aka cika tayoyin. Ya ce aikinta shi ne ta kunna fitila idan iska ta yi ƙasa sosai, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ƙasa da abin da aka rubuta, wanda a tawa motar yake nufin sai ta sauko kusan 26, kuma ba ruwanta da iskar da ta yi yawa. Ya ƙara da cewa ƙananan na'urorin da ke cikin wili suna aiki da batirin da ba ya wuce shekara 5 zuwa 10, saboda haka a motar 2007 kada in dogara da su sam. Ya yi gaskiya, domin biyu daga cikin nawa sun riga sun mutu.

Sai maganar ramuka, wadda ta fi shafar masu irin motocinmu. Lambar 45 da ke cikin 225/45 tana nufin tsayin gefen tayar kashi 45 cikin 100 ne na faɗinta, wato kusan milimita 101, alhali tayar Corolla ta 195/65 tana da kusan milimita 127, wasu motocin gudun ma da tayoyinsu suke da lamba 35 a maimakon 45 ba su kai milimita 90 ba. Wannan siririyar roba ita kaɗai ce tsakanin wili da bakin rami. Mutane da yawa suna rage iska domin motar ta yi laushi a kan gargada, kuma gaskiya ne takan yi laushi, sai dai ranar da ta faɗa rami mai kaifin baki robar za ta matse tsakanin wili da kwalta, zaren ciki ya tsinke, ƙulu ya fito a gefen tayar, ko wilin kansa ya lotsa. Ya jawo wata taya daga tarin da ke bayan shagon ya nuna mini irin wannan ƙulun, girmansa kamar ƙwan zabo, ya ce babu facin da yake gyara shi. Cika iska fiye da kima kuma ba ta tsirar da mutum, domin tana rage faɗin robar da take taɓa ƙasa, ta sa tsakiyar taya ya suɗe kafin gefuna, birki ya ƙi kamawa yadda ya kamata, duka kuma ya wuce kai tsaye zuwa shokozoba da sauran ƙarafan ƙasan mota. Shawararsa ita ce in tsaya a kan 35, idan kuma zan yi doguwar tafiya da gudu da kaya a but zan iya ƙara ɗaya ko biyu, amma kada in taɓa sauka ƙasa da abin da ke jikin ƙofa. Game da samarin da suke rage iskar tayoyinsu ko su cika na baya domin wasan mota a wurin biki, ya ce wannan wani sha'ani ne daban, ba shi da alaƙa da motar da za a kai yara makaranta ko a je aiki da ita.

Ta fuskar kayan aiki, abin da ya bambanta shagon da masu facin bakin titi shi ne geji. Yana da guda uku: wanda ke maƙale a bakin tiyo, da wani mai agogo, da wani mai nuna lambobi da yake ajiyewa a aljihun rigarsa ba ya ba yara. Da na tiyo ake ɗura iska, amma da na aljihu ake yanke hukunci, saboda a cewarsa gejin da yake faɗuwa ƙasa sau goma a yini ba a ba shi amana. Na fito da nawa mai kama da biro, wanda na saya a kasuwa, muka gwada a taya ɗaya, ya nuna 37 inda nasa biyu suka nuna 35. Bai ce in jefar da shi ba, ya ce in riƙa cire biyu a raina duk lokacin da na auna, tunda kullum kuskurensa iri ɗaya ne. Bayan ya gama da kowace taya sai ya ɗiga ruwan sabulu a bakin bawul ya jira ya ga ko zai yi kumfa, kuma ta haka ne aka gano cewa tayar bayan da ta fara jawo maganar ba ƙusa ta taka ba, ƙwayar bawul ɗinta ce take sace iska a hankali. Ya canza ta cikin minti biyu. Ya kuma sa aka fito da safaya daga but, irin siririyar nan ta wucin gadi da ake ba PSI 60 kuma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, muka tarar iskarta ba ta kai 20 ba.

Wani abin da ban roƙa ba amma aka yi mini shi ne karanta shekarun tayoyin. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Uku daga cikin nawa ba su da matsala, amma ta gaba ta hagu, wadda na saya a hannu lokacin da wata ta lalace, ta haura shekara 7, kuma ga hoton dutse mai kawuna uku da alamar ƙanƙara a jikinta. Wannan alama tana nufin taya ce ta hunturun Turai, an yi robarta da laushi domin sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7, abin da kwaltar Sakkwato ba ta san shi da rana ba. Irin waɗannan tayoyi suna cike a kasuwar 'yan Beljiyam saboda zanensu yana da zurfi, ido yana ganinsu kamar sababbi. Ya gaya mini gaskiya cewa ko wace irin iska aka ba ta ba za ta riƙe hanya kamar 'yar uwarta ta dama ba, kuma bai matsa mini in saya a wurinsa ba, ko da yake a ƙarshe a wurinsa na sayi biyu na gaba.

Shagon yana da nasa aibin, kuma ba ƙarami ba ne. Ingancin aikin ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya. Ranar da na je na tarar dattijon ya tafi jana'iza, yaron da ya karɓe ni bai dubi ƙofa ba, ya tambaye ni “Alhaji, arba'in za a sa?” kamar kowane mai faci, ya yi amfani da gejin tiyo kaɗai, kuma sai da na isa gida na lura ya manta da hular bawul guda biyu, abin da a garin ƙura irin namu yake sa datti ya shiga ya hana bawul rufewa. Babu farashi a rubuce a ko'ina, don haka abin da aka karɓa a hannuna na balansin ya bambanta tsakanin zuwa biyu ba tare da an yi mini bayani ba, kuma kuɗin duba iska kaɗai ya kai kusan ninki uku na bakin titi. Idan an ɗauke wuta sai an jira a tayar da janareta, wanda ba a tayarwa saboda mota ɗaya. Akwai kuma wani matashi a wurin da yake tallar iskar naitirojin da naci, yana cewa ba ta zafi kuma ba ta sacewa. Wannan ƙari ne a kan gaskiya, domin iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kuma kowace iska tana kumbura idan ta ji zafi. Amfaninta bai wuce cewa busasshiya ce kuma tana ɗan jinkirin fita ba, abin da mai duba tayarsa duk wata ba zai ga bambancinsa ba. Da na faɗa wa dattijon haka bai musa ba, ya ce shi dai abin da ya sani shi ne yana zubar da ruwan da ke taruwa a tankin injinsa kowace safiya da damina.

Bayan an mayar da tayoyin 35 motar ta dawo hayyacinta. Sitiyari ya yi nauyin da na saba da shi, kwanar da ta tsorata ni a hanyar Bodinga na sake shan ta ban ji komai ba, kuma ƙarar da nake zaton daga shokozoba take fitowa ta ɓace. Ba zan ce ta koma laushi kamar Camry ba, domin ba a yi ta don haka ba, kuma har yanzu sai na karkace ta kafin in haye tudun rage gudu na cikin unguwa. Ga mai motar da tayoyinta suke da siririn gefe da wili mai tsada, ina ganin bambancin kuɗin ya cancanta, da sharaɗin ya je da sassafe, ya tabbatar maigidan yana nan, ya kuma tambayi farashi kafin a ɗaga jak.

Zuwana na ƙarshe a ƙarshen Disamba ne, da hazo ya rufe gari mutane suna jin wuta a bakin titi. Na yi sakaci wata biyu ban auna ba tun Oktoba, ga shi taya ko lafiyarta ƙalau takan rasa kusan PSI 1 a wata, sanyi kuma yana rage kusan 1 a duk saukar digiri 5 ko 6. Gejin aljihun dattijon ya nuna 31 a tayoyi uku, 30 a ta huɗu, babu wadda ta huje a cikinsu. Ya mayar da su 35, ya ɗaure hulunan bawul da hannunsa, ya ce in dawo idan sanyi ya fara janyewa a watan Fabrairu, domin iskar da aka ɗura da sanyin hunturu za ta nuna fiye da haka da zarar bazara ta kawo kai.